Na Duba Wuyan Surukina Ina Ba Shi Baya

A wata na bakwai da komowata Agadas da takardar shaidar likita, ko na takwas idan an haɗa da makonnin da na yi ina jiran a ba ni ɗakin aiki, matata ta gaya mini cewa mahaifinta ya sauko daga Timia, ƙauyensu na kan duwatsu, da wani ƙullutu a wuya. Ranar Laraba ce, bayan la'asar, tana zaune tana ɓare rumman ɗin da ya kawo mana daga garkarsa, wato lambunsa. Na tambaye ta girman abin, ta ce kamar ƙwai. Na ce ƙwan zabo ko na kaza, domin akwai bambanci. Ta miƙo mini kwanon rumman, ta ce in ci.

Sai da na ci ta ƙarasa labarin. Ba asibiti ya zo ba. Ya zo ne wurin wani tsohon abokinsa, wanzami a tsohon gari, wanda ya riga ya taɓa ƙullutun ya ce mugun jini ne ya taru, kuma ranar Asabar zai tsaga wurin ya kafa ƙaho.

Na yi mata tambayoyin da aka koya mana, ita kuma ta amsa iyakar abin da ta sani. Abin ya yi shekaru yana girma a hankali, ba ya ciwo, yana ƙarƙashin muƙamuƙi. Da ta ɗora yatsa ta ji yana harbawa kamar zuciya. Na roƙe ta ta koma masaukinsa ta tura ƙullutun gefe da gefe, sannan ta tura shi sama da ƙasa, ta zo ta faɗa mini. Ta dube ni kamar wanda ya aike ta ɗebo ruwa da rariya, amma ta tafi. Da ta dawo ta ce yana motsawa gefe da gefe, sama da ƙasa kuwa ya ƙi, kuma mahaifinta ya tambaya ko ita ma ta zama likita ne ta hanyar aure.

Nan na tuna wani darasi. A kowane gefe na wuyan mutum akwai babbar jijiyar da ke kai jini zuwa kai, kuma ƙarƙashin muƙamuƙi takan rabu biyu kamar gwafa. A cikin gwafar akwai wata ƴar tsoka da ba ta kai ƙwayar dawa biyu ba, aikinta ta riƙa ɗanɗana jini ko iskar da ke cikinsa ta isa. Wani lokaci, ba safai ba, tsokar nan takan girma ta zama ƙari. Yawanci ba mai yaɗuwa ba ne, amma cike yake da jini kamar soson da aka tsoma a ruwa, kuma yana manne da jijiyar. Ko mu a asibiti an hana mu soka masa allura, balle aska. Shafi guda muka karanta a kansa a Yamai, kuma ban taɓa ganinsa da idona ba.

Na'urar eko, wadda ke nuna cikin jiki a kan allo idan an goga kanta a fata, tana iya nuna ko abin a cikin gwafar yake zaune. Muna da guda a asibitinmu. Babban likitan da ke riƙe da ita ya tafi ƙarin karatu, saboda haka a lokacin ni kaɗai ne na iya aiki da ita. Ni kuwa, duk faɗin Agadas, ni ne mutum ɗaya da bai halatta ya ga wuyan nan ba.

Surukina Ba'abzine ne. A al'adarsu namiji ba ya sauke amawalin rawaninsa a gaban suruki, ba ya ci, ba ya sha, ba ya ambatar sunansa. Mu ma ƴan birni muna da tamu kunyar, sai biyun suka haɗu suka yi kauri. Shekara uku da aurena ban san komai a fuskarsa ba sai idanu da ɗan karan hanci. Magana kai tsaye ba ta taɓa haɗa mu ba. Tun ina ɗalibi ina zuwa hutu, idan ya zo gari muka hangi juna daga nesa, kowa yakan nemi wata hanya. Akwai ranar da na hange shi kusa da kasuwa na faɗa wani lungu, shi ma ashe ya faɗa lungun ta ɗaya bakin, muka haɗu a tsakiya inda jaki biyu ba sa iya giftawa. Muka juya wa juna baya, muka wuce muna gogar bango, kowa yana gaida ginin da ke gabansa.

Washegari da sassafe na kai kukana wurin Manjo, wato shugabar ma'aikatan jinya ta sashenmu, dattijuwar da ta fara aiki tun ban iya tafiya ba. Na yi mata bayani dalla-dalla, har da zane. Ta saurara tana tauna goro.

"To, ɗana likita, shi ba zai buɗe wuya kana kallo ba, kai kuma ba ka iya gani sai ka kalla. Wuyan kake kallo ko talabijin ɗin?"

Na ce allon nake kallo, amma hannuna ne ke riƙe da kan na'urar, kuma a ƙa'ida mai riƙewa shi ne mai dubawa.

"Ƙa'idar da aka rubuta a garin da ba su da surukai. Ka tura keken na'urar jikin bango, ka zauna ka ba gadon baya. Ni zan riƙe, kai ka riƙa tuƙa ni."

Na ce wannan hanya ba ta cikin kowane littafi da na sani. Ta ce in na ga dama in rubuta ta bayan mun gama.

Yadda matata ta shawo kan mahaifinta ban sani ba, amma da hantsi sai ga shi. Ban ga shigowarsa ba, domin na riga na zauna ina fuskantar bango. Na ji takun mutum biyu, na ji ƙamshin shuni na sabon rawani, sai kuma wata murya mai kaushi ta yi sallama. Wanzamin ne ya rako abokinsa, ya ce ya zo ya ga aikin abokan sana'a. Na ji ya aje zabirarsa a ƙasa, asake da ƙahoni suka yi ƙara a ciki.

Na ce, "Manjo, a gaida Baba da hanya."

Ta ce, "Baba, ana gaishe ka."

Surukina ya ce, "A ce da mutanen ɗakin muna amsawa."

Warware rawanin ya ɗauki lokaci. Ina jin Manjo tana cewa ta taɓa kwance bandejin mutumin da mota ta buge bai kai wannan tsawo ba, wanzami yana ce mata ai shi ma sai da ya yi shekara goma da abota kafin ya tabbatar mutumin yana da haɓa. Daga nan ta shafa man da ake sa wa fata, surukina ya ja numfashi don sanyinsa, allon ya cika da toka-toka.

Na fara tuƙi. Na ce ta yi sama kaɗan, ta yi ƙasa. Na ce ba wannan saman ba, saman da ke wajen kunne. Ta ce in ce kunne mana, tunda Allah ya ba abin suna. Na ce ta karkata hannu kamar digiri ashirin, ta ce ita da ludayi ta saba, ba ta san digiri ba. A ƙarshe muka daidaita a kan kunne, haɓa, ƙirji da ƙeya, aikin ya fara tafiya.

Na sami babbar jijiyar, baƙin da'ira tana bugawa. Muka bi ta sannu a hankali zuwa wajen kunne har inda take rabuwa. A wuyan mai lafiya rassan biyu sukan tafi kusa da juna kamar yatsu biyu. A nan kuwa an buɗe su, ɗaya can ɗaya can, kuma a tsakaninsu wani dunƙule ya zauna daram, kamar rumman a gwafar reshe. Na danna maɓallin da ke sa wa jini launi. Dunƙulen ya kama da ja da shuɗi gaba ɗaya. Na buɗe sauti, ɗakin ya cika da wani huci mai tashi da sauka.

"Mene ne wannan?" in ji wanzami. Na ji numfashinsa a ƙeyata, ya zo ya leƙa allon ta kafaɗata, tunda shi babu kunyar da ta hana shi.

Na ce jini ne ke gudu a cikin ƙullutun.

"To ai abin da na faɗa ke nan. Jini. Ni da yatsa na gane, ku sai da kuka kunna lantarki."

Na auna dunƙulen sau uku, awon ya bambanta da milimita biyu, na sake na huɗu. Zuciyata ta riga ta san abin da nake kallo. Amma abin da zuciya ta sani daban, abin da likita ke da ikon faɗa daban, kuma an koya mana cewa eko nuni take yi, sikana ce ke tabbatarwa, wato babbar na'urar da ke ɗaukar hoton wuya yanki-yanki bayan an sa ruwan magani a jijiya. Wadda za ta yi wannan aiki, da likitan da zai iya fiɗa a irin wannan wuri, sai Yamai. Na gyara zama, na shirya maganata yadda ba za a kama ni da ƙari ko ragi ba.

"Manjo, a gaya wa Baba cewa abin da ake gani ya yi kama ƙwarai da wani ƙari mai yawan jini da ke fitowa a mararrabar jijiya. Sai dai ba a iya kore yiwuwar cewa wata irin kaluluwa ce, ko wani ƙari na daban da ya yi maƙwabtaka da wurin, har sai an yi sikana a Yamai."

Manjo ta ce, "Baba, ya ce kada a taɓa."

Na ce, "Ban kai ga faɗin haka ba tukuna. Ina bin matakai ne."

"Kunnena a waje yake yau, ba ya cikin rawani," in ji surukina. "Na ji an ce kaluluwa."

"Kaluluwa kuwa tawa ce," in ji wanzami. "Na gaji aikinta wurin ubana, shi ma wurin nasa."

Na yi sauri na ce a gaya wa Baba ban ce kaluluwa ce ba, na ce ne ba a kore ta ba. Na ƙara da cewa littattafai sun ambata an fi samun irin wannan ƙari a wurin mazauna kan duwatsu masu tsawo, ko da yake ban tabbata tsawon Timia ya kai wanda littattafan ke nufi ba. Manjo ba ta isar da wannan ba. Ta yi tsaki kawai, ƙasa-ƙasa.

Surukina ya yi magana a natse, yana fuskantar rufin ɗaki, kamar yadda na fahimta daga inda muryar ke fitowa. Ya ce lemu ya nuna a garka, kuma garka ba ta ba kanta ruwa. Ya ce hanyar Yamai ba hanyar rijiya ba ce da mutum zai je ya dawo kafin shayi ya huce. Ya ce a tambayi mutanen ɗakin, da kalma ɗaya, sun san abin ko ba su sani ba.

Na nemi kalma ɗaya da ba ƙarya ba. "Na sani" ta wuce abin da na'urar ta ba ni. "Ban sani ba" ta gaza shi. Na ce a gaya wa Baba cewa zato ne mai ƙarfi ƙwarai.

"A ce mun gode," in ji shi. "Zato muna da shi a gida. A goge mini man nan."

Na ji wanzami ya ɗaga zabirarsa. Manjo ta ce da ni da Faransanci, a hankali, cewa in ban buɗe baki na yi magana irin ta mutane ba, ranar Asabar za a kawo mana shi a cikin bargo. Na san gaskiya ta faɗa. Sai na yi abin da na saba yi idan na rasa abin yi, na jawo takardar rahoto na fara cikewa. Na rubuta kwanan wata. Na rubuta awon na huɗu. Na iso layin da ake rubuta gefen da ciwon yake, sai alƙalamina ya tsaya.

Ban san gefen ba. Ban ga wuyan ba. A kan na'urar akwai ƴar alama da ya kamata ta dubi wani gefe ayyananne, kuma ban tabbata Manjo ta riƙe ta daidai ba, saboda haka allon ba zai iya zama shaida ba. Matata ta nuna mini wurin a nata wuyan, amma tana fuskantata ne a lokacin, kuma ban tambaye ta ko kwaikwayon madubi take yi ba. Rahoton da ya aika mutum fiɗa a gefen da ba shi ba, wannan shi ne mafarkin da ya fi tsorata ni tun ina ɗalibi.

"Manjo, wane gefe ne?"

"Hannun dama."

"Naki ko nasa?"

"Nasa mana."

"Kina fuskantarsa ne, ko kina tsaye ta wajen kansa?"

"Ɗana likita, mutumin yana neman tashi."

"Hannun da yake cin abinci da shi?"

"Na taɓa cin tuwo da shi ne?"

Ban yanke shawarar juyawa ba. Kujerar mai juyawa ce, kuma na tsinci kaina ta riga ta juya.

Surukina yana kishingiɗe a kan gado, rawaninsa tuli guda a kan cikinsa. Na ga fuskarsa duka. Yana da ɗan farin gemu siriri, fatar ƙasan fuskarsa ta fi ta sama haske kuma shuni ya rina ta, bakinsa a buɗe don mamaki, kuma yana da wushirya irin ta matata sak. Ƙarƙashin muƙamuƙinsa na dama, man yana ƙyalli a kai, ƙullutun yana ɗagawa yana sauka ina gani. A kan allo dunƙule ne mai launi. A nan kuwa wuyan kakan ɗiyata ne, kuma taku biyu daga gare shi ga mutum tsaye da jakar asake.

Tunda na riga na juyo, dole in ce wani abu, kuma babu lokacin shirya shi.

"Baba, kada aska ta taɓa wurin nan. In aka tsaga, jinin ba zai tsaya ba, ko a hannunsa ko a hannuna."

Shi ne karo na farko da na yi masa magana ba ta bakin kowa ba. Ya ɗora tafin hannunsa a kan bakinsa. Na mayar da kujerar na dubi bango. Na'urar tana ta huci domin Manjo ta manta ta ɗauke hannunta.

Can sai na ji muryar surukina daga bayan tafin hannu, yana magana da abokinsa.

"Shekara uku yaron nan yana gudu na a lunguna. Yau ya dube ni ido da ido. Wanda ya zubar da kunyarsa haka ba wasa ya gani ba. Ka ɗaure zabirarka, maganar Asabar ta wuce."

Wanzami ya yi gyaran murya. Ya ce shi ma tun farko wurin bai kwanta masa ba, aska ta fi son ƙeya da gadon baya, kuma abota ce ta sa ya amsa. Ya ce amma a rubuta a takardar cewa shi ya fara cewa jini ne.

Lamirina bai bar ni ba. An ba ni yabon da ban cancanta ba, kuma an gina shawara a kan fahimtar da ba daidai ba. Na ce, "Manjo, a gaya wa Baba cewa a gaskiya dalilin juyowata shi ne..." Ban san lokacin da ta zagayo ba. Na ji dai dugaduganta a kan babban yatsan ƙafata, da dukan nauyin shekarunta na aiki.

"Baba, ya ce Allah ya kiyaye hanya," in ji ta.

Ranar Asabar ɗin da aka sa don ƙaho, a ranar ya hau mota zuwa Yamai tare da babban ɗansa. Na ba su rahoto mai shafi biyu, wanda a ciki na jera dukan abubuwan da ba a kore ba, na kuma ja layi biyu ƙarƙashin gefen dama. Sikana ta nuna abin da eko ta nuna. Likitocin can suka yi shawara, suka yi fiɗa mai tsawo, suka ɓare ƙarin daga jikin jijiyar. Muryarsa ta dishe na wasu makonni, sannan ta dawo. Lemun shekarar maƙwabta ne suka tsinke masa.

Tun daga nan kunyar da ke tsakaninmu ta ninka. Yanzu idan zai sauko gari yakan aiko a gaya wa matata unguwannin da zai bi, domin in san inda ba zan bi ba. A dangi kuwa labarin ya bazu cewa mijin ƴarsu jarumi ne, ya keta al'ada don ceton rai. Duk lokacin da aka faɗa a gabana nakan ji kamar na ci amanar wani.

Bayan wata uku na kasa daurewa, na zaunar da matata na gaya mata gaskiya: ba jarumta ce ta juyo da ni ba, gefen ne na rasa. Ta yi dariya har ta riƙe ciki.

"Ai ya sani. Yana kwance yana jin ku kuna gardamar hannun cin tuwo."

Na ce to me ya sa ya faɗi abin da ya faɗa.

"Tun daga Timia yake tsoron askar nan. Ya rasa yadda zai ce wa abokinsa na shekara arba'in ya fasa, ba tare da ya kunyata shi ba. Yana ta jiran ka ba shi dalili, kai kuma kana ta ba shi kaluluwa. Da ka juyo, sai ya kama abin da ya samu."

Na tambaye ta ko shi ya faɗa mata haka da bakinsa, ko ita ta yi hasashe. Ta ce ubanta ne, ba ta bukatar sikana. Na daɗe ina juya maganar, kuma ina ganin ta fi kusa da gaskiya a kan labarin da dangi ke bayarwa. Sai dai ba ni da hanyar tabbatarwa, domin mutum ɗaya ne ya san amsar, kuma ni da shi ba ma magana.